Hoton Tanko a Gonar Kawu

Ƙarfe goma da kwata na safe ne, ranar Laraba, a gindin ɗorawar da ke bakin gonar kawuna, can yamma da Sabuwa. Na riƙe lokacin domin mai hoto ba ya wasa da rana, sai da na duba agogo kafin in buɗe kyamara. Waɗanda ke wurin su ne kawuna Baba Ɗan'azumi, yayan mahaifiyata, wanda shi ne mai gonar, ɗansa Ilu, taubashina, Alhaji Lawal, ɗan kwangila daga Kaduna, wanda ya kawo aikin, direbansa Tanko, sai ni. Sauran manoman unguwar suna tafe a baya. Abin da ya faru a wurin bai wuce ƙiftawar ido ba, amma kafin in faɗe shi sai na faɗi yadda aka yi muka taru, domin ba na son labarin da ake farawa daga tsakiya.

A Tafoki aka haife ni. Na yi elemantare, ban wuce nan ba, aka kai ni Kaduna wurin wani mai hoto na koyi ɗauka da wanki. Na samu ɗan shagona daidai lokacin da kuɗin mai suka malalo ƙasar nan, lokacin da ko'ina ka duba a birni siminti ake saukewa, samarin ƙauye kuma suna jingine fartanya suna hawa mota. Ni tafiyata ta zama biyu: mako guda a Kaduna ina wanki a ɗakin duhu, mako guda a ƙauyuka ina bin kasuwanni. Nakan naɗe kyamara a cikin tawul, in sa ta a akwatin ƙarfe, in rungume akwatin a cinya tun daga Zariya har Funtuwa. Daga nan sai motar katako, a kan buhuna, tsakanin awaki da kwandunan kaji, zuwa Faskari ko Ƙanƙara ko 'Yargoje. Har yau in na rufe ido ina jin kukan katakon nan idan mota ta faɗa rami, da kiran 'yan kamasho, da salatin mata idan an zo gada. In na sauka sai in ɗaura labulena a jikin bangon wani shago. An zana gidan bene da jirgin sama a jikin labulen, a gabansa manoma ke tsayawa. Ba wanda ke zuwa da kayan gona. Riga ta aro, agogo na aro, rediyo a hannu ko da ba batir a ciki. Akwai wata babbar riga mai aska a Ƙanƙara da na ɗauke ta a jikin mutane daban-daban har na fi mai ita saninta. Mutum zai tsaya ƙyam, ya haɗe fuska kamar an kira shi gaban alƙali, sannan ya jira har kasuwa mai zuwa kafin ya ga kansa. In zai karɓa sai ya goge hannu a riga tukuna. Yanzu jikokina suna ɗaukar mutum yana cin tuwo, ba sallama ba izini, su goge kafin ya haɗiye lomar.

Gonar kawu kuwa na san ta tun kafin in san kyamara. Kowace damina mahaifiyata kan tura ni can. Gandu ne babba a bakin rafi, ƙasa baƙa mai riƙe laima, an kewaye ta da gamba, ɗorawa a bakin hanya, kaɗanya a tsakiya. Kakan kawu ne ya sare dajin. Da asuba kawu ke fita, mu bi shi a jere, babba a gaba ƙarami a baya, ba mai magana sai ƙarar fartanya tana shiga ƙasa. Da hantsi mata su kawo fura a gindin ɗorawa. Ranar gayya ganga ce ke tashe mu, samari su jeru a kan kunya suna tsere. Amma akwai abu guda da kawu ba ya yarda da shi, shi ne a yabi amfanin gona a gabansa. Yakan ce dawa tana jin magana, kuma ba kowane baki ne mai albarka ba. Da zarar ta fara fid da kai zai kafa sanda a tsakiyar gona ya kifa fasasshiyar ƙwarya a kai, don idon mai wucewa ya fara sauka can. In baƙo ya tsaya ya ce wannan dawa ta yi kyau, kawu zai amsa masa da cewa ta mutane ce, shi ƙwadago yake yi. Ba shi kaɗai ba, duk manoman bakin rafin haka suke. Ba wanda ke nuna tasa da yatsa ya ce tawa ce.

Sai Alhaji Lawal. Benci ɗaya muka zauna a elemantare, ɗaki ɗaya muka kama da muka fara zuwa Kaduna, kwano ɗaya muka ci. Shi ya shiga harkar siminti, Allah ya buɗa masa, ya je Makka, ya sayi mota. A gaban mutane Alhaji nake ce masa, in mun keɓe Lawali. Wata rana ya zo shagona ya ce yana da aiki na alheri. Yana son a ɗauki ƙananan manoma, kowa a cikin gonarsa, ba a gaban labule ba, ya buga kalanda ya kai wa manya, su ga cewa akwai masu noma na gaske, a kai musu taki da shanun huɗa. Ya ce ya tuna bakin rafin nan na wajen kawuna, bai taɓa ganin ƙasa irinta ba. Na ji daɗi ƙwarai. Ni na fara zuwa na yi wa kawu bayani, ni na ce masa na san mutumin kamar yadda na san kaina. Kawu ya ce tunda ni na kawo shi, ya zo.

Ranar tafiya, karo na farko ke nan da na je gida ba a kan buhu ba. Tanko na tuƙi, mu biyu muna baya. Mun wuce Ɗandume Alhaji ya juyo yana murmushi ya tambaye ni ko har yanzu mutanenmu na tsoron kambun baka. Na ce har gobe. Ya yi dariya ya ce ya tuna lokacin da yake riƙe wa mahaifinsa sanda ana kifa ƙwarya. Ni ma na yi dariya. Na ɗauka hirar yarinta ce.

To, mun dawo gindin ɗorawa. Dawar shekarar ta fi mutum a kan doki tsayi, ta yi kai, tana jiran kaka. Ilu ya zo ya ƙwace hulata kamar yadda ya saba, ya ce, “Bawana, wanga akwati da ka rataya a wuya, shi ya hana ka noma? Kawo in riƙe maka, kai ka kama hauya.” Na ce masa ubangidan da bai taɓa ganin fuskarsa a takarda ba bai isa ya ba ni umarni ba. Ɗan mace da ɗan namiji, haka muke tun muna yara. Na gyara kyamara, na ce wa kawu ya shiga ya tsaya a bakin kunya. Kawu ya dubi dawar, ya dube ni, bai motsa ba. Ya tambaya su wa za su ga hoton. Alhaji ne ya amsa, ya ce duk Kaduna, har Ikko.

Kawu ya ce, “Mutum guda in ya wuce ina jin tsoron bakinshi. Yanzu ka ce in tsaya gaban dawata, gari guda su kalle ni su kalle ta? Wa zai ce tubarkalla a cikinsu?”

Na fara lallashinsa, Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce in bar Baba, gaskiyarsa ne, ba a tilasta wa dattijo. Ya ce ai akwai sauƙi. Kowane manomi ya je ya tsaya a wata gonar da ba tasa ba, baki ya rasa wanda zai kama. Gonakin bakin rafi kuma, don kada hoto ya fito ba mutum, sai a sa baƙi waɗanda ba ruwansu. Manoman da suka ƙaraso suka ce wannan dabara ta yi, suka yi ta sa masa albarka, wani har ya ce Alhaji bai manta gida ba. Alhaji ya kira Tanko ya ce ya cire takalmi ya naɗe wando. Ilu ya miƙa masa fartanyar kawu, ya ga yadda ya riƙe ta ya ce, “Malam direba, ba sitiyari ba ce, ba ta da ham.” Kowa ya yi dariya, har kawu. Tanko ya shiga ya tsaya a gaban dawar, ɗorawa a gefensa. Na leƙa, na daidaita, na danna.

Haka muka bi rafin gona bayan gona. Alhaji ya aika Tanko Sabuwa ya kwaso wasu leburorinsa da ya ce suna sauke kaya a can, su aka riƙa sakawa a sauran. Da la'asar muka hau tudu, inda ƙasa ke da tsakuwa, gero ɗan siriri. Nan masu gonakin rafi suka tsaya, kowa a ta wani, cikin rigunansu na Juma'a. Kawu ya tsaya a wata 'yar gayauna ta maƙwabcinsa, ya haɗe fuska, na ɗauke shi. Na koma Kaduna na wanke su da kyau, na buga hatimin shagona a bayan kowane kamar yadda nake yi. Alhaji ya karɓi hotunan, ya ce in haɗa masa da fim ɗin saboda masu buga kalanda. Na ba shi.

Aka yi kaka, aka shiga rani, ba taki ba shanu. Duk zuwan da na yi kawu ba ya tambaya, Ilu ne ke tsokana, yana cewa ko takin bawansa a jirgin saman labule aka loda shi. Sai gab da faɗuwar ruwa wasu mutane suka zo da sarƙar awo suka fara kafa duwatsun siminti a bakin rafi. Aka tambaye su, suka ce an yi sabuwar doka a kan ƙasa, wanda ya nuna shi ke aiki a wuri ana iya ba shi takarda, kuma an ba Alhaji Lawal takardar wannan wuri domin babbar gona ta zamani. Ina kasuwar Faskari labarin ya same ni. Ban kwance labule da kaina ba, na bar wa mai shagon.

Manoman suka kai kuka, aka turo ma'aikata daga Kaduna su saurara. A wani ajin makaranta aka zauna, dattawa a kan bencin yara, gwiwoyinsu a sama. Lauyan Alhaji ya buɗe jaka ya shimfiɗa hotuna a kan tebur jeri biyu. Jeri na farko gonakin rafi, da mutanen Alhaji a ciki riƙe da fartanya. Jeri na biyu masu ƙara, kowa a tudu. Ya ce ga masu noma rafi, ga kuma gonakin waɗannan bayin Allah, ba wanda ya taɓa musu su. Ya juya hoto ɗaya ya nuna hatimi, ya ce mai hoton ma ɗansu ne. Aka kira ni. Na tashi na faɗi komai a jere, daga zuwan Alhaji shagona har zuwa la'asar ɗin tudu. Shugaban zaman ya bar ni na gama, sannan ya yi mini tambaya uku. Ni na ɗauka? Na ce ni ne. An tilasta mini? Na ce a'a. A ranar na ga wannan dattijo a tsaye cikin gonar rafi? Na ce ban gan shi a ciki ba, a bakinta yake. Ya rubuta. Sannan ya juya ga kawu ya ce, in gonarsa ce, me ya hana shi tsayawa a cikinta.

Kawu ya miƙe da ƙyar daga bencin ya ce, “Ranka shi daɗe, baki na ji ma tsoro.”

Ma'aikatan suka yi dariya. Ba dariya mai ƙarfi ba, irin wadda ake rufe baki da hannu. Na duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda a cikinsu bai fito daga gidan da ake kifa ƙwarya a gona ba. Kawu ya koma ya zauna.

Washegari na hau mota zuwa Kaduna, na wuce kai tsaye ofishin Alhaji. Aka bar ni a benci har azahar. Da na shiga ban ce Alhaji ba, na ce Lawali, mi ka yi mini ke nan. Ya ce in zauna, na ƙi. Ya ce shi bai hana kowa tsayawa a gonarsa ba, ni ma ina wurin, da bakinsu suka ƙi. Ya ce ƙasar nan ta ci gaba, wurin da fartanya ke wasa da shi tarakta za ta ciyar da gari da shi, kuma zai ɗauki Ilu aiki in yana so. Na ce masa tambayar da ya yi mini bayan Ɗandume fa? Ya ce shi bai tuna ba. Na nemi fim ɗina, ya ce ya ɓace wurin masu bugu. Na fito. Tun daga ranar ban sake taka inda yake ba, ko da na ji rasuwarsa addu'a na yi daga gida.

Ina so a fahimce ni. Ban yi ƙarya ba, ban ɓoye komai ba, aikin da aka ba ni na yi shi da kyau. Kyan aikin ne ma aka nema. Da hoton ya fito dishi-dishi da ba a gane ɗorawar ba. An zaɓe ni ne domin kawu ba zai buɗe wa baƙo hanyar gonarsa ba, sai wanda ya sha fura a gindin itacen nan. Mutumin da ya san wannan, ya san ƙwaryar, ya san abin da dattijo zai ce tun kafin ya ce, shi ne wanda muka ci kwano ɗaya da shi.

Katafila ta zo kafin shuka. Ta tuge gamba, ta ture kaɗanya, ta haɗe gonakin rafi suka zama fili ɗaya, har mutum ba ya gane inda tasa ta fara. Ɗorawar ta ba su wuya, sai da suka sa mata wuta. Suka yi masara 'yan shekaru, sannan kuɗin mai suka ja baya, taraktocin suka tsaya a nan suna tsatsa, ciyawa ta fito ta cikin tayoyinsu. Ba a ƙara noma wurin ba, ba a kuma mayar wa masu shi ba. Kawu ya ƙarasa rayuwarsa yana noman aro a tudu, kusa da 'yar gayaunar da na ɗauke shi a ciki. Bai taɓa faɗa mini magana mai zafi ba. In na je gaishe shi zai amsa, ya tambayi iyali, ya sa a kawo mini ruwa. Ilu ne ya yanke mini hukunci. Zuwana na farko bayan zaman, na cire hula na riƙe a hannu ina jira ya ƙwace. Ya zo ya ba ni hannu ya ce, “Malam, an zo lahiya? Ya hanya?” Daga ranar har ya koma ga Allah bai sake ce mini bawana ba.

Yanzu ko hanyar ba ta biyuwa yadda muka bi ta. Jikokin Ilu sun baro unguwar saboda 'yan bindiga, suna zaune a Funtuwa suna tura baro. Na tambaye su ko sun san inda gandun kakansu yake, suka ce sun ji dai ana faɗa. Ba su da takarda, ba su da dutse, ba su da itace da za su nuna. Hoton kawu guda ɗaya da ke duniya yana nuna shi a gonar wani.

Kalandar kuwa an buga ta. A nan kaɗai Alhaji ya cika alkawari. Shekarar da ta biyo na gan ta a shagunan Funtuwa, na gan ta wurin mai shayi a Ƙanƙara, na gan ta a tashar Sabuwa. Mutane kan yanke ranakun su bar hoton a bango, don haka na tabbata har yau akwai sauranta a wasu gidaje, a bayan ƙofa ko a ƙasan akwati. Baƙi da fari ne. Wani mutum ne ba takalmi, wando a naɗe, agogo a hannunsa na hagu, ya riƙe fartanya a gaban doguwar dawa, ɗorawa a gefe, in ka duba da kyau za ka hangi sanda da ƙwarya can tsakiya. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, ya duba kayan iyayensa. In ka same shi, kada ka yaga, kada kuma ka aiko mini, idona ba ya gani sosai yanzu. Ka ɗauki biro ka rubuta a ƙasansa da manyan baƙaƙe: wannan gonar Baba Ɗan'azumi ce. Sannan ka mayar da shi bango, inda mutane za su gani.